Gwaggo da Sarauniyar Sabiya

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara aka tura ni koyarwa wata firamare a Ƙauran Namoda. Ni 'yar Zurmi ce, kuma lokacin ban yi aure ba, don haka mahaifina ya ce ba zancen kama haya, gidan ƙanwarsa zan zauna. Gidan yana bayan tashar jirgin ƙasa. Gwaggo kitso take yi. Mijinta, wanda nake kira Baba, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya daɗe yana tsayuwa kusa da kan jirgi har kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa ko ruwan alwala zai nema sai ka ce yana kiran wani a ƙetaren gulbi.

Duk matar da ta zauna gaban Gwaggo, kafin kitso ya kai ƙeya ta ji labarin cewa mai yi mata kitson nan ta taɓa zama sarauniyar kyau. Kuma ba ƙarya ba ne. Tana budurwa, zamanin duk muna ƙarƙashin Sakkwato, aka yi bikin nunin amfanin gona a Shinkafi. Aka gwada gero da dawa da albasa, aka gwada bijimai da raguna. Da aka gama sai wani cikin manyan baƙi ya ce ai a birni akan zaɓi sarauniya a irin wannan taro. Nan take aka jera 'yan matan da ke wurin, masu tallar fura da masu tallar gyaɗa da waɗanda kallo kawai ya kawo su. Wanda aka ba alƙalanci shi ne malamin dabbobin da ya gama duba bijimai. Mahaifina yana wurin, kuma har gobe yana rantsuwa cewa mutumin sai da ya sa suka buɗe baki ya duba haƙoransu. Gwaggo ta ce wannan baƙin cikin ɗan'uwa ne, murmushi aka ce su yi. Ko ma dai yaya aka yi, ita ta ci. Aka aza mata kambi na kwali da aka naɗe da takarda mai ƙyalƙyali, aka ba ta butar shayi. Kambin bai wuce damina ɗaya ba, ɗaki ya yi yoyo ya jiƙe. Butar kuwa tana cikin kabad, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba.

Wata Asabar na zo gida da tsofaffin mujallun Turanci da wata abokiyar aikina ta ba ni, in yanki hotunan dabbobi in liƙa a aji. Ina neman raƙumin dawa, Gwaggo tana buɗe wata tana lasar yatsa, sai ta tsaya cak a kan wani shafi.

"Ɗiyata, wagga wace ce?"

Baturiya ce doguwa, gashi har gadon baya, da kambi a kanta. A gefe ga wani hoton nata cikin jar riga, tana riƙe da bindiga. Na karanta mata shafin ina fassarawa. An haifi matar a ƙasar Sabiya. Tana da ƙuruciya ta ci gasar kyau ta ƙasarsu. Daga nan ta tafi Amurka, Turancinta bai nuna ba, ta yi aikin kai wa mutane abinci a teburi, ta yi tallar sabulun wanke kai, a ƙarshe ta shiga fim. Saboda harshenta bai karye irin na 'yan can ba, kusan kullum matsayin 'yar leƙen asiri ake ba ta. Sunanta kuwa na yi ta gwadawa har sau uku, Gwaggo ta ce in bari kada in ciji harshe. Daga ranar ta zama Sarauniyar Sabiya.

"Maimaita mani wurin nan," in ji Gwaggo. "Bayan an aza mata kambi sai mi?"

"Sai ta shiga fim."

"Haka tsarin yake?"

"Da yawansu haka suke yi, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "To ni ba wanda ya faɗa mani."

Ta yanke shafin da almakashina, ta cire hoton kan jirgin da Baba ya rataye a bango, ta sa Sarauniyar a cikin gilashin. Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da jirginsa a ƙarƙashin katifa. Ya tambaya da ƙarfinsa ko wace ce wannan, aka ce masa 'yar'uwar Gwaggo ce a sarauta. Ya ce to Allah ya bar zumunci.

Matan da ke zuwa kitso suka samu abin hira. Wata ta ce gashin ba nata ba ne, wutsiyar doki ce. Gwaggo ta ce nata ne, amma irin gashin nan ne mai santsi da ba ya riƙe kitso, ko shuku aka yi mata kafin la'asar ya warware. A nan kaɗai take tausaya mata. Game da inda Sabiya take, Gwaggo ta yanke cewa gaba da Maraɗi ne kaɗan, tunda an ce Turancin matar ba ya fita, kuma ta san mutanen wajen nan da wannan matsala. Na kawo taswira daga makaranta na nuna mata. Ta auna da yatsa ta ce to ai ga shi nan, taƙi ɗaya ne.

Baba ba ya rabuwa da rediyo, yana manna ta a kunnen da ya fi ji. A shekarun nan labaran duniya ba su da zance sai yaƙin da ake yi a wajensu Sarauniyar. Duk sanda aka ambaci Sabiyawa sai ya ɗaga murya daga zaure: "Sarauniya, an sake taɓa garin ƙawarki." Sarauniya yake kiran Gwaggo tun aurensu, rabi girmamawa rabi tsiya. Wata Juma'a har waina Gwaggo ta toya ta raba sadaka, ta ce Allah ya kai ladan inda ya dace, ita dai ta yi nata.

Muna nan aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya canza kamanni cikin 'yan makonni. Aka fito da motocin haya na mata zalla, masu kiɗan biki suka yi sanyi, gidajen kallo suka rufe. Baba ya ce malamai abokansa suna shigowa gaisuwa, ga kafaɗun baiwar Allah nan a waje, ko za a mayar da jirginsa. Gwaggo ta ce ba za a mayar ba. Ta nemi ƙyallen atamfa, ta yanka ɗan mayafi daidai kafaɗun, ta liƙa da ƙullun koko, ta mayar da gilashi. Kambin ta bar shi a waje. Wani malami da ya shigo duba Baba ya tsaya gaban hoton ya ce ma sha Allah, ashe har can abin ya kai.

Mai shagon hayar kaset na kusa da kasuwar hatsi shi ma ya tattara kayansa zai koma sayar da takin zamani. Matarsa a wurin Gwaggo take kitso, ta san hoton sarai. Ita ce ta zo da wani kaset a ƙarƙashin hijabi ta ce ta ga fuskar Sarauniyar a bayan kwalinsa, can ƙasa, ƙarama kamar kan sarki na wasiƙa. Muka aro bidiyo da janareta a maƙwabta. Ranar Lahadi bayan azahar mata tara suka cika ɗakin Gwaggo, ni ce tafinta.

Aka yi ta harbe-harbe da gudu da mota, babu ita. Gwaggo ta ce manya ba su fitowa da wuri. Can sai ga ta cikin jar rigar nan, tana tafiya a bakin teku. Ɗaki ya ɗauki guɗa ƙasa-ƙasa. Ta miƙa wa wani mai gemu jaka, ta ce masa, "Kada ka buɗe sai ka isa." Ya ce ta shiga kwalekwale ta jira shi. Ta shiga. Kwalekwalen ya yi 'yar tafiya kaɗan ya fashe, wuta ta tashi.

"Za ta fito," in ji Gwaggo. "Ku dai ku duba ruwan."

Muka duba ruwan har fim ya ƙare, sunaye suka hau suna wucewa. Ba ta fito ba. Gwaggo ta sa aka mayar baya har sau biyu ko an tsallake wani wuri. Da ta tabbata, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce an yi wa matar maguɗi, kuma laifinta ne da ba ta tambayi inda labarin zai kai ta ba kafin ta yarda.

Da damina ta kama, wani mutum ya zo makarantarmu. Yana koyarwa a foliteknik, kuma wata ƙungiya mai wayar da kan mata kan lafiyar yara ta ba shi aikin shirya ɗan gajeren fim game da gudawa da ruwan gishiri da sukari. Za a riƙa nuna wa mata a asibitoci da makarantu. Yana neman malamai mata da za su fito. Aka ba ni matsayin malamar asibiti saboda ina da farin hijabi. Ya ce saura tsohuwa, kakar yaro, wadda za ta ƙi maganin ta ce jiƙon gargajiya ya isa, daga baya ta gane kuskurenta. Da na dawo gida na faɗi wannan a tsakar gida, ban yi tunani ba. Kafin in cire takalmi Gwaggo ta yafa mayafi.

Daraktan mutum ne mai sanyin hali, mai yawan cewa "babu damuwa" alhali damuwar tana rubuce a goshinsa. Gwaggo ta zaunar da shi a ofishin hedimasta ta yi masa tambayoyi.

"Ɗana, a labarin nan zan mutu?"

"A'a, Inna."

"Akwai ruwa? Gulbi ko tafki?"

"Sai na kofi."

"Zan kai ƙarshe?"

"Ke ce ma za ki rufe."

Ta ce to ta amince. Sai ya kawo tasa matsalar. A labarin kakar tana da miji, suna zaune a tabarma ɗaya. Yadda gari yake yanzu, ba ya son a ce ya haɗa mace da namijin da ba nata ba a gaban kyamara. In dai za a yi, sai mijinta na gaskiya. Haka Baba, wanda bai nemi komai ba, ya shiga fim. Layinsa ɗaya ne tak: "Ki saurari malama."

A ƙauyen Banga aka ɗauki fim ɗin, gidan wani manomi, gero ya kai gwiwa a bayan danga. Muka isa da hantsi. Gwaggo ta fito daga mota cikin leshi ruwan goro, da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, ɗauri ya tashi sama kamar hasumiya, ido ya sha kwalli. Darakta ya dube ta ya ce babu damuwa, sannan ya ja ni gefe ya ce in taimake shi, kakar ƙauye yake nema wadda jikanta ba shi da lafiya kwana biyu. Aka yi ta ciniki kamar na saniya. Ta yarda ta cire sarƙa da awarwaro, ta ɗaura tsohon zanen matar gidan a kan leshin. Ɗauri da kwalli ta ce ko gawarta ba za a fitar babu su ba.

Aka fara. Uwar yaro, wata malama mai ajin da ke kusa da nawa, tana riƙe da jaririn masu gidan. Ni zan yi sallama in shigo. Ban rufe baki da sallamar ba sai Baba ya ga leɓena ya motsa, ya ɗauka lokacinsa ne. "Ki saurari malama!" Awaki suka watse, kaji suka haye danga, jariri ya tsala kuka. Aka rarrashe shi, aka sake. A karo na biyu Baba ya yi shiru har aka wuce wurinsa, yana kallon gero yana lissafin ko an yi masa noma na biyu. A karo na uku ya faɗa daidai lokacin da mai kyamara ke canza batir.

Gwaggo ce ta warware. Ta ce mutumin nan shekara talatin ba da kunne yake aiki ba, da tuta yake yi. Aka samo koren ɗankwali da ja. Darakta ya tsaya bayan kyamara riƙe da ja. Baba ya miƙe zaune, ya nutsu, idonsa a kan ƙyallen, fuskarsa ta koma irin wadda ban taɓa gani ba, ta mutum a bakin aiki. Da aka ɗaga kore ya saki layinsa a kan daidai, aka ɗaga ja ya tsuke baki. Bai sake kuskure ba.

Saura Gwaggo. An rubuta mata ta ce jiƙon ya isa, in yi mata bayani, ta sunkuyar da kai ta ce, "Na yi kuskure, malama, ki yafe mani." Rabin farko ta yi shi fiye da yadda aka nema. Ta kawo tarihin 'ya'ya da jikokin da jiƙo ya raina, ta tambaye ni 'ya'ya nawa na haifa da zan koya mata reno, ta ce gishiri da sukari ai kayan miya da na shayi ne. Matan Banga da suka taru a bakin danga suka fara cewa "gaskiya ne, Inna." Ni kuwa layina ya gudu daga kaina. Na tsaya da kofi a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Da aka zo wurin ba da haƙuri sai ta ƙi.

"Inna, nan ne za ki ce kin yi kuskure."

"Ni? Ga ɗiyar da na yi wa wankan jego da uwarta? Ɗana, canza wani abu."

"Ai shi ne darasin fim ɗin gaba ɗaya."

"To darasin ya nemi wata hanya."

Rana ta take, hadari yana haɗuwa ta gabas, batir ɗaya ya rage. Darakta ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ya ce a sake ɗauka, kowa ya yi abin da Allah ya hore masa. Na daure na kai ƙarshen bayanina, na fara zuba sukari a kofi ina motsawa. Baba ya ga kore ya yi aikinsa. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa, ta fizge kofin.

"Kawo nan. Ke ko koko ba ki iya damawa ba."

Ta wanke hannu, ta zubar da nawa, ta sake aunawa tun daga farko. Ta ji ma'aunin ya fi sau goma tun safe, ya zauna mata. Tana aunawa tana faɗa da baki ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, da muryar da take koya wa 'yan mata tsagar kitso. Ta ɗanɗana, ta ce kada ya fi hawaye gishiri. Ta karɓi jariri ta ba shi da cokali, ya kuwa sha. Sannan ta dubi kyamara kai tsaye, abin da aka hana ta tun safe, ta ce in abin ya ƙi tsayawa a kai yaro asibiti, kada a zauna ana jiran tsofaffi. Darakta ya manta jan ƙyallen yana hannunsa. Da ya ce a tsaya, yayyafi ya fara sauka.

Haka aka bar fim ɗin. An nuna shi a Ƙaura da Ɗan Isa da Zurmi da Shinkafi, a talabijin da ake ɗorawa a kan benci ranar awon ciki. Gwaggo ta ɗinka sabon mayafi tana jiran abin da zai biyo baya.

Ya biyo baya a motar mata, muna hanyar Shinkafi zuwa suna. Wata mai goyo da ke gabanmu ta yi ta waiwayowa. Gwaggo ta gyara zama, ta ɗan ɗaga haɓa. Can matar ta kasa haƙuri.

"Don Allah Inna, ba ke ce Tsohuwar Gudawa ba?"

Mota ta ɗauka gaba ɗaya. Kowa na son ya gaisa da Tsohuwar Gudawa. Wata Bafulatana ta miƙo mata ƙwaryar nono daga baya. Gwaggo ta amsa gaisuwa da haƙora a cije. Sunan ya riga mu isa gidan sunan. Ya kuma kai har Zurmi, inda mahaifina ya yi tattaki musamman ya zo Ƙaura don ya kira ta da shi a gaban mutane.

Kwana uku ba ta yi kitso ba. A na huɗu wata mata ta yi sallama da sassafe da yaro a kafaɗa, ya yi laushi, ta ce an ce mata nan ne gidan. Gwaggo ta fito fuska a murtuke, ta dubi yaron, ta aika ni in kawo tafasasshen ruwa. Ta haɗa, ta ba shi, ta sa Baba ya tsaya bakin titi ya tsayar musu da abin hawa zuwa asibiti, aikin da muryarsa ta dace da shi. Daga ranar aka riƙa zuwa. Ta ware kofi da cokali na musamman ta rataye a ƙusa kusa da kujerar kitso. Sunan dai ba ta taɓa amsa shi ba. In an kira sai ta ce, "Wa kike nema? Faɗi abin da ya kawo ki."

A cikin kwanakin nan ta sa ni rubuta wa Sarauniyar Sabiya wasiƙa da Turanci. Ta gaishe ta da aiki, ta yi mata jajen yaƙin garinsu, ta ce ita ma ta shiga sana'ar. Ta ba ta shawara uku: ta riƙa tambayar ƙarshen labari kafin ta sa hannu, ta guji masu gemu da jaka, kuma ta bincika sunan da mutane za su liƙa mata bayan fim ya fita. Ta ƙara da cewa in ta zo Ƙaura za a gwada mata kitso da zare, wataƙila ya kama. Ba mu da adireshi. Na kwafi sunan daga mujalla, na rubuta Amurka a ƙasa. Ma'aikacin gidan waya ya juya ambulan ya ce ƙasar tana da ɗan faɗi, amma zai saka. Amsa ba ta zo ba. Gwaggo ta ce ta san halin aikin, ba ya barin mutum ya zauna.

Da kaka darakta ya dawo. Ƙungiyar ta ji daɗin fim ɗin, tana son wani a kan gidan sauro. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Wato in tashi daga gudawa in koma Tsohuwar Sauro." Ya ce babu damuwa, za a san yadda za a yi. Ta ce ta yi ritaya.

Baba yana zaure bai ji komai ba, sai da ya ga darakta zai fita ya tare shi ya tambaya ko akwai aiki. Akwai. Ya fito a na gidan sauro a matsayin mai unguwa, ya fito a na rijiya, ya fito a na rigakafin shanu inda aka ba shi layi har uku. Tsoho ne da bai san kunyar kyamara ba, kuma ba a buƙatar makirufo in yana magana. Gwaggo ce ke wanke masa babbar riga ta sa shuni duk ranar ɗauka, ta bi shi har mota tana ja masa kunne kada ya yarda a ba shi matsayin marar lafiya. Ni na yi aure a shekara ta gaba na koma Gusau. Ranar da aka zo ɗaukata zuwa gidan miji Baba ba ya gida, yana Ɗan Isa ana ɗaukar na rijiyar, sai washegari ya biyo mu da kwanon goro yana ba da haƙuri, unguwar gaba ɗaya tana jin sa.